Ƙusar Jimina

Zuwa ga Yaya Makanike, ɗan Kawuna, bawana na gado,

Salamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, yaya aiki, yaya haƙuri da ƙurar dutse? Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ka, gwiwarta ta yi sauƙi har ta koma faɗa da kowa, ka san ke nan ta warke. Auta ta ce in gaya maka ita ce ta ɗaya a ajinsu. Ban tambayi ko su nawa ne a ajin ba. Kawu yana nan yadda ka bar shi, sai dai idon ya ƙara ja baya wajen karatu. Abu na nesa yana hango shi tun bai taso ba, amma takarda sai ya miƙe hannu iya tsawonsa, sa'an nan ya ce rubutun ne na banza. Saboda haka ni ke karanta masa duk abin da ka aiko. Ka iya bakinka, harshenka yana hannuna yanzu.

Wannan ce wasiƙata ta farko da rubutunku na boko. Ka ce nawa na allo ba ya karantuwa, wai kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda. To ga naku nan, Auta ce ta koya mini, in ka ga ya karkace ita za ka kama. Abu ɗaya ke ba ni haushi, 'yar lanƙwasar nan da kuke ɗora wa k a ka kamar hular yaro. A allo kaf daban, ƙaf daban, ko kama ba su yi ba. Ku kuwa kun ɗauki harafi ɗaya kun karya masa kunne kun ce ya zama wani. Tun da wurin fasa dutsen naku ba waya ba labari, dole in koya, in riƙa ba direban da ke kai muku kayan abinci.

Injin ɗaga mutum sama da ka bar mini amana, na raɗa masa suna Jimina, tun daga ranar ya zama mace: dogon wuya, ƙaramin kai, ga gudu in an ja ta a bayan motar Kawu. Duk layinmu haka ake kiranta yanzu, har Kawu ya yi suɓul da baka ya faɗa. Tana kwana a rumfar kwano inda ka saba ajiye ta, na share wurin, na zuba yashi a kan tabon mai.

Kwanan baya mun kai ta wani bene da ake wa fenti. Mai fentin nan sai cika baki yake, wai ya hau abin da ya fi wannan. Na ɗaga shi a kwando har ya wuce tagar sama, na kashe inji, na ɗaga murya na ce, "Maigida, mai ya ƙare, sai gobe in Allah ya kai mu!" Yaya, ban san mutum zai iya karanta surori masu yawa haka a numfashi ɗaya ba, har da waɗanda ni ban kai ba. Kawu ya murɗe mini kunne, har yanzu ba na kwanciya ta wannan gefen.

Amma ga wata magana. Tun da ka tafi gaggawa ta yi wa Kawu yawa. Wannan a canza masa fitilar rumbu, wancan a sare masa reshe, shi kuma bai iya cewa a'a ba. Wani lokaci kafin in gama sauke mata ƙafafu ya riga ya shige kwando yana ce mini in danna. Kuma kafar baya ta hagu tana tsiyayar mai kaɗan-kaɗan. Na nuna masa, ya ce ai a zamaninka ma haka take. Haka ne?

Ka ci abinci da yawa, kada ka dawo mana kamar sifana.

Ubangidanka,
Wargi

Zuwa ga ƙanena Wargi,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta same ni lafiya, na yi dariya har abokan aikina suka ce ko an ƙara mini girma ne. Ina gaida Inna da Baba da Auta. Nan sai godiya, ƙura ce dai har cikin haƙora. Bawa kuwa, in na dawo za mu ga wanda zai ɗauki jakar wani.

Rubutunka ya yi, sai dai ka rubuta kafa a wurin ƙafa. Na ɗan jima ina tunanin wace kafa ce a bayan inji. Ka riƙa sa lanƙwasar, ba ado ba ce.

A zamanina ba ta tsiyaya. Ka duba bakin tiyon da ya shiga ƙafar, ka ɗaure notin, amma kada ka matse shi kamar kana faɗa da shi. In bai daina ba robar ciki ce ta mutu, a canza. Kada kowa ya shiga kwando sai ƙafafu huɗun sun kama ƙasa, ka sa katako a ƙarƙashin kowace in wurin yashi ne, ka ga ƙwayar iskar cikin ɗan gilashin nan ta tsaya a tsakiya. Giris a kowace gaɓa ta wuya. Batir ka riƙa goge kansa. Kuma wasan da ka yi wa mai fenti kada ka sake, mai tsoro yakan yi tsalle.

Abin da ya fi damuna shi ne hanya. A wurin aiki tana tsaye da ƙafafunta, amma a hanya taya biyu kaɗai gare ta. Kafin ku tashi ka ɗaga bakin ƙugiya da hannunka ka ji ya kama ƙam, ka giciye sarƙoƙi biyun a ƙarƙashinsa, ka naɗe 'yar tayar gaba, ka sa Auta ta tsaya a baya ta gaya maka fitilu suna kamawa. Sa'an nan ƙusa. Ka san ta, babbar nan mai kaurin babban yatsan ƙafa, wadda ke kulle wuyan a kan matashinsa in an kwantar da shi. Ita ce ran tafiyar. Wuyan nan in ya kuɓuce a kwana, ba mutumin da zai tare shi, ba motar da ba zai juya ba. Ka riƙa zare ta kana gogewa kana dubawa. Ba ƙusa, ba tafiya, ko da ƙofar gida za a tsallaka.

Na san Baba ba zai saurare ka ba, kai ma ka san dalili. In abu ya gagare ka, ka rubuto, ni zan rubuta masa. A kan komai yana musu da ni, amma ban da ƙarfe.

Yayanka

Zuwa ga Yaya,

Salamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Inna da Auta suna nan. Na ɗaure notin yadda ka ce, tsiyayar ta tsaya. Na sa giris, na goge batir.

Yaya, ka yi haƙuri da abin da zan gaya maka.

Jiya da hantsi muna gangarowa ta layin masu kayan gini, Kawu yana tuƙi, ni ina gefe. Muka faɗa wani rami, sai na ji motar ta yi sakayau kamar an sauke mata kaya. Kafin in waiga sai ga Jimina ta taho ta gefenmu ita kaɗai, ta wuce mu. Ƙugiya ta saki, sarƙa ta tsinke. Mutane suka watse, mai lemo ya bar teburinsa, wata mata ta jefar da bokiti. Kawu ya taka birki ya fita da gudu yana kiranta kamar akuya. Ya sha gabanta wai zai tare ta da hannu. Yaya, ka san nauyinta. Ta buge shi ta bi ta kansa, ta je ta shige shagon tela har wuya.

Yanzu haka yana asibiti, an naɗe shi tun daga ka har ƙafa, ido kaɗai ake gani. Likita ya ce a sanar da na nesa. Inna ba ta san na rubuto ba.

Duk abin da kake yi ka bari.

Wargi

A bayan takardar:

Kai, Makanike! Zauna, sha ruwa! Da na ga fuskarka yanzu da na ba da rigata. Kawu yana nan garau, ga shi can yana faɗa da mai gyaran taya. Jimina tana rumfa tana barci, tela bai ma san da ita ba. Ka cika mini takarda da dokoki kamar malam ranar bita, kada kaza, kada kaza, shi ne na ce bari in gwada ko birkin zuciyarka yana kamawa. Dubi yadda na sa lanƙwasa a ko'ina, ka yaba mini mana. Auta ta ce kada in aiko wannan, na ce ba ta san taubasai ba.

Wargi,

Lafiyata ƙalau, in ka damu ka sani. Ka gaida Inna da Baba.

An ba ni wasiƙarka ina cin abincin rana. Ban juya ta ba. Wa ke juya takarda bayan an ce masa a sanar da na nesa? Na bar kwanon a ƙasa, na je wurin shugaban aiki hannuna duk mai, na durƙusa masa a gaban yaran da nake koya wa aiki. Ya ce injin niƙa dutse yana kwance, ni kaɗai ne makanike. Na ce ubana ne. Ya ba ni izini yana tsaki.

Daga nan zuwa bakin titi da ƙafa na tafi, ka tambayi direba nisan wurin. Na zauna a kan dutse ina jiran mota, ina lissafin ko zan same shi da rai. Na fito da takardar in sake karantawa, na ɗaga ta don rana, sai na ga inuwar rubutu ta baya.

Na koma da ƙafar da na zo. Dole na gaya wa shugaban gaskiya. Bai yi faɗa ba, ya ce daga yau har a gama kwangilar nan, ko wa ya mutu a gidanmu in kawo masa shaida tukuna. Yara kuwa in na wuce sai wani ya ce, "Oga, a juya takarda."

Ka sa wa Inna gishiri a shayi mun yi dariya. Ka ɗinke wa Baba hannun riga mun yi dariya. Yau ka kashe mini uba a takarda don ka ji daɗi. Ban san me ke cikin ƙirjinka ba, Wargi. Na bar maka inji mai ɗaukar ran mutum sama, ashe yaro na bar wa.

Kada ka sake rubuto mini sai in Inna ce ta aike ka.

Yayanka

Yaya,

Salamu alaikum, kowa lafiya. Direba yana danna mini oda, a kan murfin motarsa nake rubutu.

Na san ka ce kada in rubuto. Jimina kusa ta karye. Da idona na gani yau da safe. An ba Kawu aikin fitilu a babban rumbun bayan tudu, hanyar nan mai kwana da ramuka, ya ce a lallaɓa a ja ta haka. Na yi magana, ya ce in je in yi wa wani wasan. Da na nace ya ce to a tambaye ka, abin da ka ce shi za a yi.

Ka rubuto masa ka hana. Wallahi wannan ba wasa ba ne. Wallahi.

Wargi

Wargi,

Na samu. Ina gaida mutanen gida.

Na juya takardar tukuna kafin in karanta, ka koya mini. Wannan karon ka manta ka rubuta dariyar a baya, ko kuwa ka ajiye ta sai wasiƙa ta gaba.

Ka ce Jimina kusa ta karye. To, kusa ai ba karyewa ba ce. Ni ma kusa na yi in mutu a bakin titi, ga ni nan. Ina ne zai karye, wuya ko ƙafa ko gindi? Ba ka faɗa ba, don ba ka gama shirya ƙaryar ba direba ya matsa maka. Injin da na kwance na ɗaura da hannuna kafin in taho, na bi kowane walda da fitila, shi ne zai karye don an bi da shi ta kan tudu? In hanyar ce kake tsoro, ko aikin ne ya ishe ka, ka faɗa wa Baba da bakinka, kada ka sa ni a ciki. Rantsuwarka kuma ka adana ta, ka rantse wa mai fenti ma cewa mai ya ƙare.

Ga ta Baba nan a ƙasa, ka karanta masa yadda take.

Baba, ina gaisuwa. Kada ka biye wa Wargi, ka san halinsa. Na san yadda na bar injin nan, lafiyarsa ƙalau, ba abin da zai karye a jikinsa. Ka je ka yi aikinka, ka dai bi hanyar a hankali. Ɗanka.

Wargi, Wargi,

Allah ya sa wannan ta riga waccan, ko ta tarar ba ku tashi ba.

Yau ina ƙarƙashin hannun motar haƙa, na ce wa yaro, "Miƙo ƙusa." Da na ji kalmar ta fita daga bakina sai na farga. Na fito na je ɗaki na zazzage jaka, na nemo wasiƙarka ta farko, inda ka rubuta kafa. Na ɗora ta kusa da ta ƙarshe. Ƙusa ta karye kake nufi. Ƙusar wuya.

Kada a ja ta. Ko taku ɗaya. Kada a sa rodi, kada a sa noti, kada a ɗaure da igiya, duk ba za su riƙe ba. In Baba ya ƙi, ka sace wa tayoyin iska, ka jefa makullin mota a rijiya, ka yi duk shaƙiyancin da ka iya, ni zan amsa.

Ban jira direban abinci ba. Na samu guntun ƙarfen gatarin mota mai kyau, na sassaƙa sabuwa a injinmu, awon tsohuwar yana kaina. Ga ta nan a naɗe cikin tsumma, na ba wani mai tipa da zai bi ta wajenku, na roƙe shi ya sa ta a hannunka.

Ka yaga waccan takardar. In ka riga ka karanta wa Baba, ka karanta masa wannan: Baba, na yi kuskure, yaron gaskiya ya faɗa, ka jira ƙusa.

Ka ba ni amsa ta hannun mai tipar nan, ko kalma ɗaya ce.

Yayanka

Zuwa ga Yaya,

Salamu alaikum. Ina fata wannan ta same ka da lafiya da ƙarfin zuciya. Inna tana nan, 'yan'uwanta suna tare da ita. Inna ce ta aike ni.

Yaya, sai haƙuri. Allah ya yi wa Kawu rasuwa jiya da safe a asibiti. An yi masa sutura, jama'a sun taru sosai. Ga takardar likita nan na haɗo, ka kai wa shugabanku.

Zan gaya maka yadda aka yi, don kada ka ji a bakin wani.

Ranar da na zare ƙusar zan goge ta kamar yadda ka ce, rabi ne ya biyo hannuna, rabi ya faɗo ta ƙasa. Cikinta duk tsatsa, bakin karayar ne kaɗai ke ƙyalli. Kawu ya jujjuya ta, ya je wurin magina ya yanko rodi, ya zura a ramin, ya lanƙwasa bakinsa da guduma. Rodin bai cika ramin ba, in ka girgiza wuyan kana jin yana ƙwal-ƙwal. Amma ya cika alkawari, ya jira amsarka, ko da yake mai rumbun yana ta aike.

Da wasiƙarka ta zo yana zaune a kan benci a bakin rumfa. Na karanta a zuci tukuna. Sai na gyara murya na ce, "Baba, ina gaisuwa. Kada ka ja injin nan sai an samu ƙusa." Na yi ƙarya iri-iri a rayuwata, ban taɓa yin wadda na so ta shiga kamar wannan ba. Ya dubi takardar da ke hannuna. Ya ce, "Takarda cike da rubutu, ɗan wannan ne a ciki?" Ya ƙwala wa Auta kira.

Auta ta karɓa, ta duba, ta dube ni. Na girgiza mata kai. Yaya, yarinyar nan ba ta taɓa yi wa ubanta ƙarya ba, ba ta san ta inda ake farawa ba. Ta karanta yadda take.

Bai doke ni ba. Ya ce, "Har ni, Wargi?" Ya tashi ya ɗauki makulli.

Na yi tunanin sace iskar taya. Na ga in na yi, zai ce wani wasan ne, ya sa a hura, ya tafi ba ni. Sai na giciye sarƙoƙi, na duba ƙugiya, na ƙara ɗaure wuyan da igiyar da muke jan reshe, na shiga gaba kusa da shi.

Hawan tudu lafiya. A gangara ne, bayan ramukan nan da ke jere, na ji ƙwal-ƙwal ɗin ya daina. Na ce, "Kawu, tsaya." Ya dube ni, ban san abin da ya gani a fuskata ba, ya tsaya. Sai dai inda ya tsaya cikin kwana ne, titin ya karkata gefe guda. Muka fita. Rodin ya tanƙware ya zame, babu shi. Wuyan ya sauka daga kan matashinsa, igiya kaɗai ke riƙe da shi, tana ƙara kamar ana murɗa ta. Ya ce, "Sa dutse a bayan taya, bari in mayar da shi." Na ce ya bari mu sauke ƙafafu tukuna. Ya ce, "Dutse na ce."

Na sunkuya ɗaukar dutse. Ban ga lokacin da igiyar ta tsinke ba, ji na yi. Da na ɗago, wuyan ya juyo ya haɗa shi da bayan mota, a ƙirji. Bai yi ihu ba. Hularsa ma ba ta faɗi ba. Sai da masu wucewa suka taru muka iya ture wuyan.

A asibiti yana gane mutane, magana ce da ƙyar. Muna can mai tipa ya zo gida, Auta ta kawo mini ƙunshin. Na kwance a gabansa. Ya miƙo hannu na sa masa ƙusar. Ya bi ta da babban yatsa tun daga kai har ƙarshe, ya ce, "Aikin ɗana ne. Ji santsi." Ya ga takarda ya ce me ka ce. Na miƙa wa Auta. Ya ce, "A'a. Kai karanta." Na karanta masa duka, ban rage ba, ban ƙara ba. Bai kira kowa ya duba ba.

Ya ce in gaya maka shi ya ga rodin da idonsa, shi ya ja. Iyakar saƙon ke nan. Ƙusar tana hannunsa har gari ya waye, ni na zare ta.

Auta ba ta ci ba ta sha, ba ta magana da kowa. Ta tattara littattafanta ta tura ƙarƙashin gado, ta ce ba za ta ƙara karanta komai ba. Na ce mata ni ne ban sa lanƙwasa ba, ta ce ita ta koya mini. Ni ba za ta ji maganata ba. Kai take jira.

An ɗauko Jimina zuwa gida a kan babbar mota, tana rumfa. Yau da safe na kwantar da wuyan a kan matashinsa na gwada ƙusarka. Ta shiga daidai, ko guduma ban sa ba. Na girgiza, ko motsi.

Na bi wasiƙar nan harafi-harafi kafin in naɗe, duk inda ke son lanƙwasa na sa.

Ka taho, Yaya. Kada ka juya takardar, babu komai a bayanta.

Ƙanenka